Kawuna Yana Cikin "Da Sauransu"

Yau na cika wa jama'a sitatus, har wata ƙawata ta turo min cewa in tausaya wa datarta. Ko a jikina. Murna nake yi, murna ta gaske, amma ku bari in fara da haushin, don shi ya riga zuwa kuma har yanzu shi ya fi yawa.

Muna aji uku a jami'a ne, a lakcar ƙwayoyin cuta. Zafi ake kamar a gasa mutum, ni ina can kujerar baya ina danne-dannen waya a ƙarƙashin benci, sai malamin ya hasko wani hoto a bango. Tarkon ƙudan tsando ne, irin mai ƙyalle shuɗi da baƙi, an kafa shi a gindin wata bishiya. A gefen hoton ga wani jan mashin, an ɗaure masa kula a baya da igiyar roba, fitilar gabansa an naɗe ta da salatif. Na san mashin ɗin nan. Salansarsa ta taɓa ƙona min ƙafa ina ƙarama, tabon yana nan har gobe.

Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Laa! Mashin ɗin Kawu!"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce wace ce wannan, ta miƙe. Na miƙe ina washe baki, na ce, "Malam, garinmu ne, Birnin Gwari. Kawuna ne ya yi aikin nan."

Malam ya nuna ƙasan hoton da biro. Sunan wani babban Farfesa ne a wurin, wanda kowa a sashenmu ya san shi, sai wasu 'yan kalmomi biyu na Latin a bayansa, et al., wato "da sauransu". Ya ce, "Ga sunan mai aikin nan. Shi ne kawun naki?"

Na ce a'a.

Sai wani ɗan rainin wayo a gaba, mai aski kamar an kifa masa ƙwarya, ya juyo ya ce, "Malam, ai kawunta shi ne da sauransu ɗin."

Daga ranar sunana ya ɓace a aji. In na shigo, "Ga 'yar da sauransu nan." In an raba aiki, "Wance, Wane, da sauransu." Ina dariya tare da su, amma ta yaƙe ce.

Kawun nan ƙanin Ummata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malami ne a jami'a, mai bincike kan sammore, cutar nan da ƙudan tsando ke sa wa shanu, dangin wadda ke jawo wa mutane ciwon barci. Abin da ya dame shi tun farko shi ne me ya sa allurar da makiyaya ke yi wa shanu ta daina ci. Na taso ina ganin shi yana zuwa gida kowane hutu, ba don hutun ba. Da asuba zai ɗora kula cike da ƙanƙara a mashin, ya nausa wajen Kazage ko Kutemeshi, har bakin daji inda rugage suke. Zai tsuguna ya sha fura da masu shanu, a yi ta hira, kafin a yarda ya ɗebi jini a kunnen saniya. Ya dawo da yamma wuyansa duk cizon tsando, ƙafa duk laka, Umma tana faɗa tana dafa masa ruwan wanka. Akwai damanar da rafi ya kusa tafiya da shi, ya ɗaga kular sama a ka, ya bar takalmansa suka bi ruwa. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi, yana sambatu yana tambaya ko an sa kwalabensa a firji.

To wannan mutumin ne "da sauransu".

Daga lakcar nan ban ko ci abinci ba, na zauna a bakin hostel na shiga shafin nan da ake ƙirga ambato. Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. In mai bincike ya fitar da takarda a mujalla, duk wanda ya zo daga baya ya kafa hujja da ita, dole ya ambace ta. Ana ƙirga wannan ambaton, kuma da shi ake auna nauyin mutum a duniyar bincike. Ka yi aiki ba a ambata ba, kamar ka yi magana ne a ɗaki ba kowa. Takardun Kawu kuwa ana ambatonsu, ba wasa ba. Mutanen ƙasashen da ban ma iya nuna su a taswira ba suna jingina da aikin da aka ɗauko a bayan jan mashin ɗin nan. Sai dai in za a ambata, sunan farko kawai ake kira, sauran a tattara su a kalma biyu.

Na buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, babban yatsana har zafi yake. Duka tsari ɗaya. Farfesa a gaba. Sai shugaban sashe. Sai wani dattijo da ya girmi Kawu. Sai Kawu a tsakiya. Sai ɗalibai a baya. Wallahi kamar jerin masu shiga gaisuwar Sallah. Mutumin nan da shekaru yake jera sunaye!

Ni kuma ko a aji uku an riga an koya mana yadda ake yi a fanninmu. Sunan farko na wanda ya yi wahalar ne. Sunan ƙarshe na babba ne, mai kula da aikin. Tsakiya kuwa wurin waɗanda suka ɗan taimaka ne, wanda ya ba da aron firji, wanda ya duba lissafi. Wato duk duniya tana kallon Kawu a matsayin mai ba da aron firji.

Na so in kira shi a take, sai na ga maganar ba ta waya ba ce. Na bari har hutun Sallah.

Hanyarmu kun san ta. Ka fito daga Kaduna kana addu'a, ka jira a taru a tafi tare da rakiyar jami'an tsaro, waya a ɓoye, kowa ya yi tsit har a ga gari. Na iso na tarar Kawu ya riga ni. Yana tsakar gidanmu a kan tabarma, kwamfutarsa a cinya, ya rame. Da ya gan ni ya ce, "Oyoyo Uwata."

Sunan kakata aka sa min, mahaifiyarsu shi da Umma, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce min tun ina zanin goyo. Kuma ni ba na wasa da muƙamin nan.

Ban ko ajiye jaka ba na ce, "Kawu, ashe kai ne da sauransu?"

Ya yi murmushi. Umma ce ta ce daga bakin murhu, "Ke, ki bar shi ya ji da abin da ke damun shi. An sake dawo masa da takardun ƙarin girma."

An sake. Ashe ba karon farko ba ne. Kwamitin ya ce aikin yana da yawa, ambato ma ba laifi, amma ba su ga inda shi ya jagoranci bincike ba. Suna son takarda mai nauyi da sunansa a gaba. Yaran da ya koya wa riƙe sirinji sun zo sun wuce shi, yanzu wani a cikinsu ne ke sa masa hannu in zai ɗauki hutu.

Na ce, "To ka rubuta wata mana."

Ya juyo min da kwamfutar. Ya ce ga ta nan, ya gama, kuma ita ce ta ƙarshe. Jinin da ya yi amfani da shi na ƙarshen abin da ya ɗebo ne kafin 'yan bindiga su sa daji ya gagara. Rugagen da ya sani sun watse, wasu sun yi kudu, wasu shanun ma an kore. Ƙauyukan da yake kwana in dare ya yi masa, mutanensu da yawa suna nan cikin gari a gidajen 'yan uwa. Manomi ma da ke da gona a can sai ya yi shahada yake zuwa, balle mai tarkon ƙuda. Ba wani sabon jini da zai zo. In takardar nan ta fita yadda sauran suka fita, shi ke nan, Kawu zai yi ritaya a inda yake.

Na duba saman shafin. Farfesa a gaba.

Na ce, "Kawu! Wannan kuma fa? Ya taɓa zuwa Kazage? Ya san hanyar Kutemeshi? Tsando ya taɓa cizon shi?"

Ya ce, "Uwata, ki yi a hankali. Malamina ne. Shi ya ɗauke ni digiri na biyu lokacin da ba wanda ya san ni. Shi ya karɓar min aure. Ta yaya zan rubuta sunana a gaban nasa? In muna tafiya ma ba na shiga gabansa, sai a takarda?"

"To ai ba tafiya ba ce, Kawu, takarda ce!"

"Ladabi ba ya da wuri."

Na zaro waya. Sabis ɗin gidanmu sai ka hau kan turmi kusa da katanga, haka na hau, da hijabina da komai, na buɗo masa takardun manyan masu bincike na duniya. Na sauko ina nuna masa. Ga wannan, tsoho ne tukuf, duba inda sunansa yake, ƙarshe. Ga wannan ma, ƙarshe. Ya ce ya sani, ya sha gani, amma wannan tsarinsu ne na can. Mu nan idan yaro ya yi haka cewa za a yi ya fara girman kai.

Umma ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kanmu. Ta ce, "Wai ni kam, na ƙarshen shi ne babba?"

Na ce e.

Ta ce, "To meye abin wahala? Mu ma in an yi zaman suna ko na sulhu, ai ba babba ke fara magana ba. Yara su gama surutunsu, shi ya rufe da addu'a. Ka je ka ce masa so kake ya rufe maka taro."

Kawu ya rufe kwamfutar. Can ya ce, "Yaya, sai dai in je in nemi izini. Da ƙafata. Ba a waya ba."

Izini. Izinin sa sunanka a kan guminka. Na haɗiye, na ce ba komai, amma da ni za a je, tunda dama hanyar makaranta ce. Ya ce me zan je yi. Na ce uwa ba ta barin ɗanta ya je wurin hukunci shi kaɗai.

Bayan Sallah muka kama hanya. Kawu ya sayi galan na zuma da man shanu a kasuwa, yadda ya saba kai wa duk shekara. Farfesa ya yi ritaya, yana zaune a Kaduna, gida mai shuke-shuke. Tun daga ƙofar falo Kawu ya tuɓe takalmi, ya shiga a sunkuye, ya zauna a ƙasa duk da ga kujeru nan reras. Mutum mai furfura a gemu, mai digiri uku. Ni ma na durƙusa na gaishe shi, na rakuɓe gefe.

Bangon falon duk hotuna ne. Farfesa a taro, Farfesa da lasifika, Farfesa ana miƙa masa allon yabo. A ɗaya daga ciki, a bayansa an hasko taswirar garinmu. Na gane ta sarai.

Dattijo ne mai fara'a, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tambayi Umma, ya tambayi hanya, ya yi jajen halin da ake ciki. Ya ce, "Kai, dajin nan namu, Allah ya kawo sauƙi. Na yi ta ba da labarinsa a ƙasashe."

Dajin nan namu. Na danne yatsuna a cikin hijabi.

Kawu ya fara. Ya yi godiya. Ya sake godiya. Ya tuno ranar da aka ɗauke shi karatu, ya tuno ranar ɗaurin aure, ya bi ta kan lafiyar Hajiya da jikoki. Gumi yana bin wuyansa ga fanka tana juyawa. Shayin da aka kawo mana har ya huce bai iso wurin ba. Ni kuwa ji nake kamar in fizge maganar daga bakinsa in ajiye a tebur. Da ƙyar dai ya ce, murya can ƙasa, "Ranka ya daɗe, dama takardar nan ce ta ƙarshe. Na ce ko za a yi min alfarma, Farfesa ya rufe mana jerin sunayen, ya zo a ƙarshe a matsayin uba. In ba damuwa. In kuma da damuwa a bar shi yadda yake."

Farfesa ya kalle shi, sai ya fashe da dariya. Dariya sosai, har da buga hannun kujera.

Ya ce, "Haba! Wannan ce ta sa ka taso tun daga Birnin Gwari a wannan hanyar? Ai dama haka tsarin yake. Tun ina karatu a waje haka ake yi, mai aiki a gaba, malami a baya. Ni na ga kullum kana turowa da sunana a sama, na ce yaron nan mai ladabi ne, kada in gwale shi. Ai da ka yi magana tuntuni."

Da ka yi magana tuntuni.

Ya sani. Duk shekarun nan ya sani. Kowace takarda sai ta bi ta hannunsa kafin ta fita, yana ganin sunansa a inda bai dace ba, biro yana hannunsa, bai taɓa ja ya mayar ba. Yana cikin masu jin labarin an dawo wa Kawu da takardu, bai taɓa cewa, zo nan yaro, ga inda matsalar take ba. Kalma ɗaya ce fa. Shi da ake kunyar a yi wa magana, ai shi ya kamata ya fara. Ya bar mutum yana ta ladabi, shi kuma yana ta hawa jirgi.

Kun san me Kawu ya ce? "Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Godiya ya yi!

Ni dai bakina ya kufce. Na ce, "Baba, to da ake gayyatarku taron nan," na nuna hoton, "kun gaya musu wanda ya shiga dajin?"

"Uwata!" in ji Kawu, ido waje.

Farfesa ya leƙo ni ta saman tabarau. Ya ce, "Wannan 'yar jarida ce?" Ya sake dariya. "Yaran yanzu ke nan. Ai duk aikin haɗin gwiwa ne, 'yata. In kin girma za ki gane." Ya juya wurin Kawu ya ce zumar bara ta fi ta bana kauri, a duba masa in za a sake kawowa.

Muka fito. Muka hau Keke. Ina jira ya yi min faɗan rashin kunya, na ma shirya amsa. Bai yi ba. Na saci kallonsa, na ga ya ƙura wa titi ido, fuska a ɗaure. Ban taɓa ganin Kawu haka ba, ko ranar da ya dawo ba takalmi dariya yake yi.

A tasha muka samu benci kusa da mai shayi. Ya buɗe kwamfuta, ya shiga shafin mujallar inda ake tura takarda, ya kai wurin sunaye. Ya ɗora yatsa. Ya ɗauke. Ya sake ɗorawa. Sai ya turo min ita kan cinyata, ya kau da kai yana kallon motoci.

Ya ce, "Uwata, ke yi. Hannuna ba zai iya ba."

Na kama sunansa daga tsakiya na ja shi sama. Na kama na Farfesa na sauke shi ƙasa. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba. Abin da ya ci wa mutum ƙuruciyarsa, da babban yatsa ɗaya na gama shi, kuma wannan sauƙin ne ya fi komai ƙona min rai. Na ce, "In tura?" Ya gyaɗa kai bai juyo ba. Na danna.

An sha jira, masu duba takarda suka yi ta dawo da ita a gyara nan a gyara can, amma ta fita. Da ita ya sake miƙa takardunsa, wannan karon ba a dawo da su ba. Umma ta yi waina ta raba wa maƙwabta. Ni ban yi wani tsalle ba a lokacin, don ni abu ɗaya nake jira.

Yau da safe ya zo. Na farka na duba shafin kamar yadda nake yi kullum kafin ma in wanke ido, sai na ga an ambaci takardar. Wasu masu bincike ne a wata ƙasa mai nisa. Na buɗe tasu, na yi ta gangarawa har na samu layin. Sunan Kawu, sunan kakana ke nan, sunan gidan su Umma, sannan "da sauransu" a bayansa. Yau Farfesa ne a cikin sauran.

Na yi ihun da sai da 'yan ɗakinmu suka zaci gobara ce. Na ɗauki hoton layin, na zagaye sunan da ja, na watsa a gurup ɗin ajinmu, na kira mai askin ƙwaryar nan na ce, "Malam, karanta da ƙarfi, 'yan baya ba sa ji." Ya turo alamar hannu biyu a sama, ya ce ya tuba. Na sa a sitatus, na sake sawa, na haɗa da hoton jan mashin.

Amma ko a cikin ihun, da na koma shafin na ga tsofaffin takardun suna nan yadda suke. Su ba a gyara su. Duk wanda zai ambace su, yau ko bayan ba mu, sunan wancan zai kira. Kuma daji bai buɗe ba balle a sake wasu.

Wajen azahar Kawu ya kira. Na ɗauka ina jiran barka. Sai na ji ya yi ƙasa da murya kamar wani na saurare.

"Uwata, na ga abin da kika sa. Allah ya yi miki albarka. Amma ki sauke, kada Farfesa ya gani ya ji ba daɗi."

Na ce, "Kawu, yana da lambata ne?"

Ya ce, "Wani zai iya nuna masa."

Na ce, "To Allah ya sa a nuna masa. Ba zan sauke ba. Ni ce uwa, na gama magana."

Can na ji 'yar dariya, irin wadda ba ya so ta fito. Ya ce, "To turo min hoton. Wanda kika zagaye ɗin."